Tsohon Sauti a Hannun Michael Kiwanuka: Gado Ne, Ba Kwafi Ba

Wata ranar Asabar muna cikin motar wani abokina, sai ya ce in haɗa wayata da rediyon motar in sa mana wani abu. Na sa "You Ain't the Problem", waƙar da ta buɗe albam ɗin KIWANUKA na Michael Kiwanuka, mawaƙin Birtaniya ɗan asalin Yuganda. Wani bawan Allah da ke kujerar baya ya ɗan saurara, ya ce, "Kai dai kana son waƙoƙin zamanin iyayenmu." Na ce masa ai a 2019 ta fito, kuma mai ita haihuwar 1987 ne. Sai ya ja tsaki, ya ce, "Ashe ma kwafi ne. Ya je ya tono kiɗan matattu ya liƙa sunansa."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ba don ya ƙi waƙar ba, kowa da abin da kunnensa yake so. Saurin yanke hukuncin ne ya dame ni, domin irin hukuncin da ake yanke wa duk mawaƙin da aka ji ƙamshin da a kiɗansa ke nan: ba shi da basira, aro yake yi, kasuwar masu kewar baya yake ci.

Ni ban yarda ba. Wanda ya ɗauki tsohon salo don ya faɗi abin da ke cin ransa a yau, magaji ne. Wanda ya ɗauki salon alhali ba shi da abin faɗa, shi ne mai kwaikwayo. Kiwanuka yana cikin na farko, kuma albam ɗinsa na 2019 shi ne babbar hujjata. Ba muhawarar halaccin kiɗa na zo yi ba, wannan fagen malamai ne. Magana nake yi da masu saurare a kan abin da suke saurare.

Abin da kunne yake ji

Ba na musun abin da mutumin nan ya ji. Tsohon sautin yana nan, kuma da gangan aka sa shi.

Waƙar tana farawa da ƙananan gangunan hannu da hayaniyar mutane can ƙasa-ƙasa, kamar an buɗe ƙofar wani gida ana biki. Kafin ka gama natsuwa sai jitar lantarki ta faso da wata irin ƙara mai kaushi, amonta a dishe, irin wanda makaɗan rok na ƙarshen shekarun 1960 suke so. Sai muryoyin 'yan amshi su ɗauka. Sannan shi kansa ya shigo da muryar nan tasa mai ɗan gurnani, wadda ba ta gaggawa.

Haka albam ɗin yake tafiya har ƙarshe. Gogen Turawa suna lulluɓe waƙoƙin, 'yan amshi suna amsawa kamar a coci, kuma waƙa tana shiga cikin waƙa babu tsayawa, yadda Marvin Gaye ya jera nasa a What's Going On a 1971. Duk wanda ya san kiɗan sol, wato kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka fitar daga waƙoƙin coci da na buluz, wanda kamfanin Motown na Detroit da kamfanin Stax na Memphis suka yaɗa a duniya, zai gane inda aka sha ruwa. Zai ji Bill Withers a cikin sanyin muryar, ya ji Curtis Mayfield a cikin yadda aka shirya gogen, ya ji Jimi Hendrix a cikin jitar.

To, tunda haka ne, me ya sa na ce ba kwafi ba ne?

"Ai duk an yi wannan a da"

Wannan ita ce suka ta farko, kuma ita ce mafi rauni. A ina aka taɓa samun makaɗin da ya faɗo daga sama da salonsa? Mu da muka san yadda ake zama mawaƙi a gidajen kiɗa namu bai kamata mu yi wannan maganar ba. Yaro yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa, ya haddace karin muryarsa, ya san inda ake ɗaga kiɗa da inda ake sassautawa. Ranar da ya kafa tasa ƙungiyar, duk wanda ya ji shi zai ce ga ɗan gidan wane. Ba wanda yake kiransa ɓarawo. Abin da ake jira a gani shi ne ko zai ƙara wani abu a kan abin da ya tarar, ko kuwa zai ƙare rayuwarsa yana maimaita baitocin maigida.

Da wannan ma'auni nake auna Kiwanuka, kuma ba kowane aikinsa ne ya haye ba. Albam ɗinsa na farko, Home Again, wanda ya fito a 2012, shekarar da ya zo na ɗaya a zaɓen sababbin mawaƙa na BBC, yana da daɗin ji, amma har yanzu ɗan amshi ne a cikinsa. Kana saurare kana tuna wasu mutane, ba ka tuna shi. Da a nan ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami don kare shi ba.

Abin ya canza a 2016 da Love & Hate, lokacin da ya fara aiki da masu shirya kiɗa biyu, Danger Mouse ɗan Amurka da Inflo ɗan Landan. A ciki akwai "Black Man in a White World", wadda ta fara da tafi da murya kawai, irin na waƙoƙin aikin gona na kudancin Amurka. Salon tsoho ne ƙwarai. Amma abin da yake faɗa nasa ne: halin baƙar fatar da ya tashi a Muswell Hill, wata unguwa a arewacin Landan da mafi yawan mazaunanta farare ne masu rufin asiri. Otis Redding, mawaƙin sol na Amurka wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1967 yana da shekara 26, bai san wannan rayuwar ba, kuma ba zai iya rubuta ta ba.

A albam na 2019 ya ƙara matsowa kusa. Ya sa masa sunan gidansu da manyan baƙaƙe, bayan a farkon fitowarsa an sha tambayarsa wane suna zai ɗauka na dandali, kamar nasa ba zai sayu ba. A bangon albam ɗin an zana shi cikin shiga irin ta sarakuna. Mutumin da yake ɓuya a bayan muryoyin wasu ba ya yin haka.

Akwai kuma kwafi na gaskiya, wanda kotu take hukuntawa, kuma ya kamata a raba shi da gadon salo. A 2015 wata kotu a Los Angeles ta samu Robin Thicke da Pharrell Williams da laifin taɓa haƙƙin waƙar Marvin Gaye ta 1977, "Got to Give It Up", a cikin waƙarsu "Blurred Lines". An yanke hukuncin a biya iyalan Gaye sama da dala miliyan 7, daga baya alƙali ya rage zuwa kusan miliyan 5.3. Mawaƙa sama da 200 suka sa hannu a takardar da ke nuna damuwa da hukuncin, domin a ganinsu yanayin kiɗan ne ya yi kama, ba karin waƙar ba. Ina tare da su a wannan damuwar. In aka ce yanayin sauti mallakar mutum ɗaya ne, to babu wanda zai sake kaɗa komai. Kari da baiti suna da mai su. Salo kuwa na duk wanda ya iya riƙe shi ne.

"To me ya kai baƙar fata kiɗan Turawa?"

Wannan sukar takan fito daga bakin namu, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo. Mutum zai yarda da sol ɗin, amma da ya ji jita tana kuka sai ya ce an shiga gonar Turawa.

Gonar wa? Sister Rosetta Tharpe, baƙar mace mai waƙoƙin coci, tana kaɗa jitar lantarki tun kafin a san wani abu wai shi rok. Big Mama Thornton ta ɗauki "Hound Dog" a faifai a 1952, shekara huɗu kafin Elvis Presley ya yi tasa. Chuck Berry da Little Richard su ne suka kafa harsashin kiɗan a shekarun 1950. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ma daga wata waƙar Muddy Waters ta samo sunanta. Shi kuma Hendrix, kafin ya tafi Landan a 1966 ya yi suna, ya yi shekaru yana kaɗa jita a bayan Little Richard da Isley Brothers. Wato mutumin da ake ɗauka sarkin jitar rok, a gidan sol aka goye shi.

Rabuwar da ake gani yau, cewa wannan na baƙaƙe ne wancan na farare, gidajen rediyo da kamfanonin faifai ne suka ƙarfafa ta don sauƙin talla. Makaɗan ba su san da wannan katangar ba. A 1971 ƙungiyar Funkadelic ta buɗe albam ɗinta Maggot Brain da kukan jitar Eddie Hazel na kusan minti goma, kuma baƙaƙe ne gaba ɗayansu.

Saboda haka in Kiwanuka ya haɗa sol da rok a waƙa ɗaya, ba abubuwa biyu baƙin juna yake ɗaurawa aure ba. 'Yan gida ɗaya ne da aka raba, yake mayar da su wuri guda. Ka saurari "Hero". Tana farawa da jitar katako da murya a dushe, kamar tsohon kaset da aka tsinto a akwati. Can sai sautin ya buɗe, ganga ta shigo, jitar lantarki ta ɗauki maganar daga bakinsa. Ya yi waƙar ne yana tuna irin su Fred Hampton, matashin jagora a ƙungiyar Black Panther mai fafutukar kare baƙaƙen fata, wanda 'yan sanda suka harbe a gidansa a Shikago a watan Disamba na 1969, yana da shekara 21. Jitar da ke kuka a ƙarshen waƙar sautin wancan zamanin ce daidai. Ba ado ba ce. Kana maganar mutumin da aka kashe a 1969, kana kaɗa masa kiɗan da ake ji a titunan garinsu a 1969, kuma kana yi ne a lokacin da har yanzu ake harbe baƙaƙe a titunan Amurka. Kusan wata bakwai bayan fitowar albam ɗin aka kashe George Floyd a Minneapolis. Wane sabon sauti ne zai fi wannan tsohon dacewa da maganar? Da tsohuwar zuma ake magani.

A shekarar 2020 albam ɗin ya ci lambar yabo ta Mercury, wadda ake ba albam ɗaya a shekara a Birtaniya da Ireland. A gasar Grammy kuma an sa shi cikin masu takarar albam ɗin rok mafi kyau. Bai ci ba, ƙungiyar The Strokes ce ta ɗauka. Amma ganin sunan ɗan Yuganda a wannan layin kaɗai ya faranta mini rai.

"Me ya hana shi komawa kiɗan Yuganda?"

Iyayensa sun baro Yuganda a zamanin mulkin Idi Amin, wanda ya riƙe ƙasar daga 1971 zuwa 1979. Sai wasu su ce, in gado yake nema, ga gadon kakanninsa can, me ya kai shi Memphis?

Na fahimci inda maganar ta fito, amma akwai rashin adalci a cikinta. Yaron a Landan aka haife shi, a Landan ya yi makaranta, abin da ya fara ji a bakin abokansa shi ne Nirvana da Radiohead. Ya sha faɗa a hirarraki cewa ya tashi yana jin bai dace da ko'ina ba, baƙar fata mai rataye da jita a cikin fararen yara. Da ya gano Hendrix da Otis Redding da Bill Withers, sai ya ga mutane masu kama da shi suna yin abin da yake so ya yi. Mutum ba ya zaɓen muryar da za ta fara kiransa. Kuma da ya tashi rana ɗaya ya cika albam da gangunan masarautar Buganda ta Yuganda don kawai a ce ya tuna gida, alhali ba da su ya tashi ba, wannan ne zai zama shigar burtu.

Ga misali kusa da mu. Bombino na Agadas ya koyi wani ɓangare na kaɗinsa ta hanyar kallon bidiyon Hendrix, kuma ya je Nashville ta Amurka ya ɗauki albam ɗinsa Nomad, wanda ya fito a 2013, tare da Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys. Mdou Moctar ma jitarsa cike take da wutar rok. Duk da haka, wanda ya ji su ya san daga hamada suka fito, domin maganar da ke bakinsu ta Abzinawa ce. Kayan kiɗa suna yawo daga hannu zuwa hannu. Abin da ba ya aruwa shi ne ciwon da mutum yake waƙa a kansa.

Sukar da ta fi nauyi: kasuwa

Wannan kam ba zan iya ture ta da hannu ɗaya ba. Kewar baya haja ce, kuma kamfanoni sun sani. Da Amy Winehouse ta fitar da Back to Black a 2006 ya karɓu a duniya, sai aka shiga neman duk mai murya irin ta da. Abin takaicin shi ne wanda ya ci ribar. Makaɗan da suka kaɗa wa Amy a waƙoƙi da dama na wannan albam, wato Dap-Kings, ƙungiyar Sharon Jones ce. Ita Sharon Jones baƙar mace ce da ta yi shekaru tana wannan kiɗan ba a kula ta ba, har ta yi aikin gandiroba a kurkukun Rikers na New York don ta ci abinci. Ta sha ba da labarin yadda aka ce mata ta cika gajarta, ta cika ƙiba, ta cika baƙi, kuma ta tsufa. Ta rasu a 2016 ba ta samu ko kusa da abin da wasu suka samu da sautin gidanta ba. Amy mawaƙiya ce ta gaske, waƙoƙinta daga rayuwarta ta ciro su, ba ita nake zargi ba. Amma duk mai kare tsohon salo dole ya yarda cewa kasuwarsa ba ta da adalci.

Akwai kuma masu ɗaukar zamanin dungurungum, har da tufafinsa. Bruno Mars da Anderson .Paak sun yi haka a 2021 da sunan Silk Sonic: wando mai faɗin ƙafa, manyan tabarau, rawa a jere. Gwanaye ne, kuma "Leave the Door Open" ta ci manyan lambobin Grammy a 2022. Amma in na gama saurare ba na sanin komai game da su biyun da ban sani ba a da. Na san sun iya. Shi ke nan. In mai suka yana nufin irin wannan ne, to muna da wurin haɗuwa.

Sai dai a duba abin da Kiwanuka ya yi, a gaya mini ko haka mai bin kasuwa yake yi. A Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, sai mutum ya saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta a biya. Shi ya sa mawaƙan yanzu suke gajarta waƙa, suke jefo amshi tun a farkon farawa, kada mai saurare ya tsallake. A cikin wannan yanayi shi kuma ya buɗe Love & Hate da "Cold Little Heart", waƙar kusan minti goma, wadda sai an yi kusan minti biyar ana kiɗa kafin ya buɗe baki. Goge ne, da 'yan amshi, da wata jita mai jan sauti a hankali wadda take tuna wa mutum David Gilmour na Pink Floyd. Isaac Hayes ya yi irin wannan a 1969, lokacin da ya miƙe "Walk On By" ta kai minti goma sha biyu. Gaskiya ne daga baya tashar HBO ta yanki wani ɓangare na waƙar ta sa a farkon shirinta Big Little Lies a 2017, kuma hakan ya kai sunansa gidajen da bai taɓa shiga ba. Amma kasuwar ce ta zo ta same shi a inda yake, bayan ya riga ya yi abin da ransa ya ba shi.

Abin da ya aro daga mutanen da, wanda ya fi sautin jita muhimmanci a wurina, shi ne haƙurinsu. Sun yarda mai saurare zai zauna. Sun yarda albam tafiya ce mai farko da ƙarshe, ba tarin gutsattsari ba. Wannan ɗabi'ar tana neman ɓacewa, kuma ba na ganin laifin wanda ya koma ya ɗauko ta.

Inda nake da damuwa

A watan Nuwamba na 2024 ya fitar da albam na huɗu, Small Changes, kuma da Danger Mouse da Inflo ya sake aiki. Ya fi na baya sanyi, jitar ta rage faɗa, maganar ta koma kan soyayya da zaman iyali. Yana da kyau, kuma na ji daɗinsa. Amma albam uku ke nan a jere da hannaye iri ɗaya, kuma na fara gane inda gogen zai shigo tun kafin ya shigo. Haɗarin da ke gabansa yanzu ba kwaikwayon Bill Withers ba ne. Kwaikwayon Kiwanuka na 2019 ne, domin salon da mutum ya sha wuya ya mallaka shi ma yana iya zama wurin ɓuya. A albam na biyar ina so in ji ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da mutanen da ba su san hanyoyinsa ba, ko a Landan ne ko a Kampala.